Uwa a Finafinan Ɗaliban Samaru

A farkon shekarun dubu biyu ina koyarwa a wata firamare a Samaru, gidana kuma yana Dogarawa. Mijina bai daɗe da rasuwa ba, bayan doguwar jinyar shanyewar ɓarin jiki, 'ya'yanmu kuma duk sun watse, wannan aure, wancan aiki. Da safe in hau bas zuwa makaranta, da yamma in dawo in tarar da gidan yadda na bar shi. Sai ɗiyar ƙanwata ta samu shiga jami'a, sashen wasan kwaikwayo, ta zauna wurina na ɗan lokaci kafin ta kama ɗaki a Bomo tare da ƙawayenta.

Ita ce ta jawo ni harkar fim. Ta gan ni a wasan Kirsimeti da zumuntar mata ta majami'armu ta shirya, inda na fito a matsayin wata maƙwabciya mai yawan surutu, mutane suka yi ta dariya. Bayan an tashi ta biyo ni har bakin ƙofa.

"Mama, muna neman uwa," in ji ta.

"Taki tana ƙauye. Me ya same ta?"

"Ta fim nake nufi. Duk ajinmu yara ne. In muka shafa wa ɗaya hoda a kai muka ce tsohuwa ce, ba wanda ke yarda. Ki taimaka mana, Asabar ɗaya ce kawai."

Asabar ɗin nan ta zama shekaru. A ƙarshen kowane zango ana raba ɗaliban rukuni rukuni, kowane rukuni ya yi gajeren fim a ba shi maki. Da labari ya bazu cewa akwai wata malama da ba ta jin kunyar kyamara, sai suka riƙa zuwa har makarantarmu, su tsaya gindin dalbejiya su jira a tashi. Ladana kuɗin bas ne da lemon kwalba, wani lokaci har da biredi. Ban damu ba, domin ya fi mini zaman gida.

Abin da ya dame ni shi ne irin uwar da suke so. A fim na farko ɗana ya shiga ƙungiyar asiri, aka kawo mini gawarsa a bayan a-kori-kura. A na biyu 'yata ta je zubar da ciki ba ta dawo ba. A wani kuma ni aka kashe: 'yan fashi suka harbe ni, na kwanta a ƙasa bayan wani gida a Bomo an zuba mini zoɓo a ƙirji, tururuwa suna hawa wuyana, daraktan yana roƙona in daina motsi. Duk wanda ya zo, tun kafin ya buɗe baki na san zai ce in yi kuka.

Wata rana muna komawa da ɗiyar tawa, na ce mata, "Wai ku ba ku san wani labari ba sai na mutuwa? Yara ƙanana da ku, ko aure ba ku yi ba, amma kullum makoki. Ina labaran aljanu da dodanni da muka tashi da su?"

Ta yi dariya. "Mama, kyamarar nan haya muke yi wurin mai ɗaukar bidiyon biki a Sabon Gari, kuma da yamma zai karɓe kayarsa. Kuka kyauta ne. Amma ki ce mutum ya tashi sama ko ya rikiɗa, da me za mu yi shi? Ga malamanmu kuma, abin da ya shafi al'umma suke so. In kika kai musu dodo za su ce wasan yara kika yi."

Ban yarda ba. Na ce ai labari ne ke ɗaukar mutum, kayan aiki biyo baya suke yi. Na ba ta wani da kakata take ba mu a ƙauye. Kakar tawa har ta mutu ba ta shiga masallaci ko majami'a ba, addinin iyayenta ta riƙe, kuma ba wanda ya kai ta iya labari. Labarin wata marainiya ce da uwarta ke zaune a ƙarƙashin rafi, duk damina sai ta fito ta yi mata kitso ta koma. Na yi ta naci har rukuninsu suka yarda za su yi shi.

Muka je wani rafi bayan Bomo. Ni ce uwar. Suka naɗe ni da farin zanen gado, suka shafe mini fuska da hoda, suka ƙona ciyawa don hayaƙi ya rufe ni sa'ad da nake fitowa. Ruwan kuwa iyakarsa ƙwaurina, dole na durƙusa a ciki in miƙe a hankali. Iska ta kwashe hayaƙin ta kai wa mai kyamara, yana ɗauka yana tari. Ranar da aka nuna fim ɗin a zauren sashensu, sai ga wani ɗan acaɓa ya fito a cikin hoton, a bayana, yana wanke babur ɗinsa, yana kallona baki buɗe. Ba wanda ya lura da shi lokacin ɗauka. Zauren ya ɓarke da dariya, har malaman. Ɗiyata ta fita da hawaye, makin da suka samu kuma bai yi kyau ba. Na ba ta haƙuri, na saya mata atamfa. Daga nan na yanke cewa talauci ne da neman maki suke sa yaran nan yin finafinan baƙin ciki, na rufe bakina.

A shekarar da ta biyo baya wani yaro ya zo makarantarmu. Na san fuskarsa, shi ne dogon nan mara magana da ke riƙe sandar makirfo a finafinan wasu. Musulmi ne, ɗan Unguwar Gabas. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce bana shi ne daraktan rukuninsu, yana so in fito masa.

"Wa zai mutu?" na tambaye shi.

"Ba kowa, Mama."

"To, an samu ci gaba. Ba ni labarin."

Muka zauna a kan bencin 'yan aji. Ya ce labarin wani tela ne da ɓarin jikinsa ya shanye, da matarsa da ke jinyarsa. Yini ɗaya kawai za a nuna, daga wankan safe zuwa faɗuwar rana. Da na ji haka sai na tuna mijina. Ya ce ɗiyata ta gaya masa na yi irin wannan jinyar, shi ya sa ya yi ta jinkirin zuwa, in ban so ba zai nemi wata. Na ce ya ci gaba. Ya bi da ni daki daki har ya zo wani wuri: matar tana ba mijin kunu da cokali, ya furzar, ta sake ba shi, ya sake furzarwa ya ɓata mata zane. Sai ta tashi da kofin ta fita, ta ja ƙofa, ta zauna a dokin ƙofa ta shanye kunun ita kaɗai. Yana kiranta daga ciki, ba ta amsa ba sai da ta gama.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wannan ba zan yi ba. Wace mace ce mijinta yana kwance yana kira, ita tana shan kununsa? Ku yaran nan, don a ce fim ɗinku ya yi zafi sai ku ɗora wa mata abin da ba sa yi."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Mahaifiyata ce, Mama."

Telan mahaifinsa ne, kuma yana nan kwance a lokacin. Yaron ya ce wata rana ya dawo daga Samaru da azahar, ya shigo zaure, ya hango ta a zaune a haka. Ita ba ta gan shi ba. Ya tsaya har ta shanye, ta goge baki, ta koma ciki. Shi kuwa sai ya juya ya fita, ya yi ta yawo a kasuwar Sabon Gari har la'asar.

"Ban ji haushinta ba," in ji shi. "Ranar ce na gane ba ta karya ba tun safe, kuma ba ni da tabbacin ta ci wani abu jiya. A gidanmu ba a wannan maganar. Kowa ya zo sai ya ce Allah ya ba ta lada, ya tafi. Abokaina ma ba zan iya gaya musu ba. Amma in na ce fim ne, zan iya faɗa."

Na ce masa, tun da abin yana damunsa haka, me zai hana ya yi wani abu daban, wanda zai ɗauke masa hankali ya huta.

"Ina son irin waɗancan finafinan, Mama, ina kallonsu sosai. Na ma gwada rubuta ɗaya, na wani gari da ke cikin gajimare. Duk lokacin da na zauna, ɗakin Baba nake gani. Abokin ajinmu da ya yi na ƙungiyar asiri, ɗan ɗakinsu aka kashe. Wadda ta yi na zubar da ciki, ƙawarta ce tun sakandare. Ba mu faɗa wa malamai haka, cewa muke bincike muka yi."

Na tuna yadda yarinyar nan ta sa na maimaita kuka sau da yawa tana cewa bai yi ba, ni kuma ina ce mata ta cika tsanani. Na ce wa yaron ya ba ni lokaci in yi tunani. A bas ɗin komawa gida na riga na san zan yi.

A wani ɗakin haya a Bomo muka ɗauka. Mai gidan, wani dattijo manomi, shi ya yarda ya fito a matsayin telan, domin an ce masa aikin kwanciya ne kawai. Ya kuwa iya, har barci yake yi na gaske, sai an tashe shi. An ɗauke wuta tun safe, janareta kuma ƙararsa ta yi yawa, sai suka buɗe taga, wani ya riƙe babban farantin silba yana mayar da hasken rana kan gadon. Da aka zo gyara shimfiɗa, na kama leda zan sa a ƙarƙashin zanen gado, sai na ga daraktan ya riga ya kama ɗaya gefen. Muka ja tare, muka cusa, muka juya dattijon gefe guda da filo a bayansa, ba wanda ya gaya wa wani abin da zai yi. Sauran ɗaliban suna tsaye suna kallonmu.

Da aka zo wurin kunun, dattijon ya furzar kamar yadda aka ce masa. Na tashi na fita, na ja ƙofar, na zauna. Kunun tsamiya ne, ya riga ya huce. Na kai bakina, sai na ji muryarsa daga ciki, can ƙasa, yana cewa, "Ke. Ke." Mijina kalma ɗaya ta rage masa a bakinsa a shekarunsa na ƙarshe, ita ce "zo". Da ita yake neman ruwa, da ita yake cewa a juya shi, wani lokaci kuma ba ya son komai, so yake ya ga na zo. Ina girki zo, ina wanki zo, ina gyara littattafan yara zo. Mutanen majami'a suna ta yabona, har an taɓa ba da misali da ni a wa'azi, wai mace mai haƙuri. Wadda aka riga aka kira mai haƙuri a gaban jama'a, da wane baki za ta ce ta gaji? Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban faɗa ba, har aka binne shi.

Na sha kunun a hankali, kunnena yana ɗakin. Ban yi kuka ba, ba a kuma ce in yi ba. Da ya ƙare na goge bakina da bakin zane, na miƙe, na buɗe ƙofar na shiga. Sai da na zauna a bakin gadon na jima, mai kyamara ya taɓa daraktan, sannan ya tuna ya ce a tsaya. Ranar na koma gida na dafa wa kaina tuwo da miyar kuka, na ci na ƙoshi, abin da na daɗe ban yi ba.

Ranar nuni zauren ya yi tsit. Fim ɗin yana da nasa aibin, murya tana hawa tana sauka, a wani wuri ma an ga gefen farantin. Amma da aka zo wurin dokin ƙofa na ji wata yarinya a bayana tana ce wa ƙawarta, "Haka mamata take yi da kakarmu." Wani malami ya tambayi daraktan ina ya samo labarin, ya ce a unguwa ya ji.

Bai nuna wa mahaifiyarsa ba, tsoro yake ji. Sai dai faifan fim ɗin ya zaga hannun ɗalibai har ya kai gidan maƙwabtansu, a can ta gani. Bayan 'yan makonni ya zo mini fuska a yamutse, ya ce ta daina yi masa magana, kuma ta ce a kira mata matar da ta fito a fim ɗin. Na ce zan je.

Gidan yana cikin wani lungu a Unguwar Gabas. A zaure na ga keken ɗinki an rufe shi da buhu. Ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ta kawo ruwa. Da gani na girme ta, amma wahala ta sa ta fi ni tsufa. Muka gaisa, na tambayi mai jiki, ta ce da sauƙi. Sannan ta dube ni sosai.

"Ke ce kika yi ni."

"Ni ce. Ki yi haƙuri in an ɓata miki."

"Yaron nan ya tona mini asiri, Malama. Ina zaune cikin mata ana kallo, sai na ga kaina. Ba wadda ta san ni ce, amma ni na sani. Na ɗauka daga ni sai Allah ranar nan. Ashe yana zaure."

Na ce mata bai yi don ya kunyata ta ba. Ta ce ta sani, shi ya sa ma abin ya fi yi mata ciwo. Tana murza bakin tabarma ta ce, "Abu ɗaya nake so in tambaye ki. Kina shan kunun, amma kanki a karkace yake wajen ƙofa, kina sauraron numfashinsa. Yarona daga nesa ya hango ni, ba zai ga wannan ba. Wa ya gaya miki?"

Sai na ba ta labarin mijina. Ban taɓa ba wa kowa shi haka ba, ko 'ya'yana. Ita ma ta buɗe nata. Muka yi maganar gyambon kwanciya da abin da ake shafa masa, da ciwon bayan ɗaga namiji, da baƙin da ke zuwa dubiya a dafa musu abinci. A wani wuri har dariya muka yi, tana rufe baki da mayafi. Muna cikin haka maigidan ya yi kira daga ɗaki. Ta yunƙura za ta tashi, sai ɗan nata, wanda ya shigo ba mu lura ba, ya ce, "Zauna, Umma." Ya cire takalmi ya shiga. Ta bi shi da kallo, ta koma ta zauna, muka ci gaba da hira har aka kira la'asar.

Daga ranar na riƙa leƙa ta ran Asabar in ba ni da ɗaukar fim. In tarar da wanki mu yi tare, wani lokaci kuma in ce ta shiga ta kwanta, ni in zauna a tsakar gida in ji ko zai kira. Ɗan ya karɓi wankan safe kafin ya tafi Samaru, ya kuma sa ƙannensa suka raba sauran aikin. Har ta samu ta je sunan jikar yayarta a ƙauyensu ta kwana, ta dawo mini da daddawa. Maigidan ya rasu da daminar da ta biyo. Na zauna da ita kwanakin zaman makoki, danginta suna tambayar wace ce wannan, tana ce musu yayarta ce ta Dogarawa.

Na ci gaba da fitowa a finafinan ɗalibai har na yi ritaya ƙafafuna suka fara ciwo. Yawancinsu na baƙin ciki ne kamar da. Wasu don maki ne kawai, ana ganewa, wasu kuma in ka dubi fuskar mai ba da umarnin ka san daga gida ya ɗauko. Na gode wa yaran nan. Sun fitar da ni daga gidan da ba kowa, sun kira ni Mama, ɗaya daga cikinsu kuma ya ba ni ƙawar da nake da ita har yanzu.

Yaron ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya samu aiki a wani gari mai nisa, yakan kira ni lokaci lokaci. Uwar tasa ta gyara keken ɗinkin, tana ɗinka kayan yara a zauren. Ba ta sake kallon fim ɗin ba, ta ce sau ɗaya ya ishe ta. Ƙorafinta guda ne, kuma duk sa'ad da maganar ta taso sai ta maimaita: wai ɗaurin ɗankwalin da na yi a ciki na matan coci ne, ita ba ta taɓa ɗaura shi haka ba.